Yadda ake warware jawabin mai neman shugabancin ƙasa da biro da takarda

Tun zaɓen 1993 nake da wata al'ada da mutanen gidana suka saba da ita. Duk sanda mai neman shugabancin ƙasa ya yi babban jawabi, sai in nemi muryarsa, in zauna bayan sallar isha'i in rubuta abin da ya faɗa kalma bayan kalma. Da farko kaset nake sa wa a rediyo in danna ɗauka, yanzu kuwa waya ta rage mini wahala. Littattafan suna nan a akwatin ƙarfe, wasu har gara ta taɓa gefensu. Sana'ata koyar da Hausa ce a makarantar sakandare, kuma da waɗannan jawaban na daɗe ina koya wa ɗalibai salo da sarrafa harshe, don na lura yaro ya fi saurin gane adon magana a bakin ɗan siyasa fiye da a misalin da malami ya ƙaga masa a allo.

Ya zo a hadisi cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, jama'a suka yi ta mamakin fasaharsu, sai Manzon Allah (SAW) ya ce lalle a cikin magana akwai sihiri. Wanda ya taɓa tsayawa a filin taron siyasa ya san wannan da jikinsa. Ga rana, ga ƙura, ga ganga, ga maroƙi yana zuba kirari, ga dubban mutane suna amsa abu ɗaya. A wannan wuri kunnenka ba naka ba ne. Shi ya sa nake kai maganar gida in shimfiɗa ta a takarda, inda babu kiɗa.

Abu na farko, nemi jawabin gaba ɗayansa. Guntun bidiyo na rabin minti da ake turowa a WhatsApp ba jawabi ba ne, wani ne ya yanko maka abin da yake so ka ji, ko don ya gyara ɗan takarar ko don ya ɓata shi. Gidajen talabijin kan ɗora taron dukkansa a YouTube ko Facebook. In ka samu, ka rubuta da hannunka. Jawabin minti 20 yakan ci mini kusan awa biyu, ina tsayarwa ina komawa baya. Kada ka gyara masa magana. In ya maimaita abu sau huɗu, rubuta sau huɗu. In ya fara jimla ya sake ta ya kama wata, bar ta a haka, domin sau da yawa inda mutum ya yi tuntuɓe a nan ne ya kusa faɗin abin da bai shirya faɗa ba. Ka bar fili mai faɗi a gefen dama na kowane shafi, nan za ka riƙa yin naka sharhin.

Daga nan sai ka ja layi a kan gaisuwa da yabo. Amma kafin ka wuce, duba wa aka fara gaisarwa, wa aka daɗe a kansa, wa aka tsallake. Mai martaba ne, ko gwamna, ko malamai, ko mata da matasa? Jerin gaisuwa yana nuna maka kafaɗun da mutum yake shirin dafawa. In ka cire wannan, ka cire godiya da addu'a, za ka ga abin da ya rage bai fi shafi biyu ba. Wannan shi ne jawabin.

Yanzu ka nemo taken. Kowane kamfen yana da 'yar gajeruwar kalma da ake so ta bi ka har gida. Ina ɗan shekara goma sha biyar aka yi zaɓen 1979, kuma har yau in na rufe ido ina jin yadda ake kiran NPN a amsa da "Aminci", a kira PRP a amsa da "Nasara". Jam'iyyar Alhaji Shehu Shagari tana da gida da masara, ta Malam Aminu Kano tana da mabuɗi. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya zo da "siyasa ba da gaba ba". Cif Obafemi Awolowo na UPN kuwa ya riƙa nanata ilimi kyauta da magani kyauta. Ka ɗora waɗannan a ma'auni za ka ga ba nauyinsu ɗaya ba. Ilimi kyauta magana ce da za a iya kama mutum da ita: ko uba ya biya kuɗin makaranta ko bai biya ba. Kuma Awolowo yana da abin nunawa, don gwamnatinsa ta Jihar Yamma ta fara firamare kyauta a 1955. Siyasa ba da gaba ba alkawari ne na hali, ana iya duba bakin mutum da na magoya bayansa a gani. Amma aminci da nasara fa? Wa ba ya son aminci? Wa zai ce shi bai yarda da nasara ba?

Irin wannan take na aminci da nasara ni ina kiransa ƙwarya. Ana miƙo maka ita wayam, kai ne kake zuba abin da kake so a ciki, sannan ka ɗauka shi ya ba ka. Cif Moshood Abiola ya zo da fata da kuma ban kwana da talauci a 1993. Janar Muhammadu Buhari da APC sun zo da canji a 2015. Bola Tinubu ya zo da sabunta fata a 2023. A watannin kafin zaɓen 2015 na tambayi mutum biyar a teburin mai shayin unguwarmu me canji yake nufi a wurinsu. Ɗaya ya ce a daina tashin bam. Ɗaya ya ce buhun shinkafa ya sauko. Wani ma'aikaci ya ce albashi a kan kari. Wani tsoho ya ce a kama ɓarayin gwamnati. Na biyar ya ce mulki ya dawo Arewa. Dukkansu kalma ɗaya suke ihu, kowa da abin da ya zuba a ƙwaryarsa. Ba laifi ba ne ɗan takara ya yi take mai faɗi, dole ne ma, tunda mutane miliyoyi yake son tarawa a inuwa ɗaya. Aikinka shi ne ka rubuta taken a saman shafi, sannan ka bi jawabin ka ga ko akwai inda shi da bakinsa ya faɗi abin da ke cikin ƙwaryar. In babu, rubuta "babu" a gefe.

Sai labari. Duk gwanin jawabi yana da labarin kansa, kuma mafi ƙarfi da na taɓa rubutawa shi ne na Goodluck Jonathan, ranar 18 ga Satumba 2010 a dandalin Eagle da ke Abuja, lokacin da ya ayyana takararsa. Ya ce yana yaro ba shi da takalmi, ba shi da jakar makaranta, a hannu yake riƙe littattafansa, akwai ranakun da sau ɗaya yake cin abinci, yana tafiya mai nisa yana ƙetare koguna kafin ya isa makaranta. Bayan kowace gaɓa sai ya ce amma bai fid da rai ba. Ka lura da ginin. Bai ce shi ɗan talaka ne ya yi shiru ba, ya ba ka ƙafa ba takalmi, abin da kowa ya taɓa gani da idonsa. Sannan ya ɗaure kowace wahala da jimla ɗaya da take dawowa kamar amshin waƙa, har kunne ya fara jiranta. Ranar da na karanta wa ɗalibaina fassarar wannan wuri ajin ya yi tsit, don da yawansu da silifas ɗaya suke shekara. Labarin ya taɓa ni, kuma ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Amma a gefen shafin na rubuta kalma ɗaya: asali. Labari yana gaya maka inda mutum ya fito. Inda zai kai ka kuwa, wannan sai ka nema a wani shafin.

Akwai wata dabara da ta danganci wannan, wato mutum ya riga abokin hamayya faɗin aibinsa. A watan Fabrairun 2015 Buhari ya yi jawabi a Chatham House, cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan. Ya san abin da ake jifansa da shi shi ne mulkin sojan da ya yi daga ƙarshen 1983 zuwa 1985. Bai kauce ba. Ya ce ba zai iya sauya abin da ya wuce ba, amma zai iya sauya yau da gobe, ya kuma kira kansa tsohon shugaban soja da ya rungumi dimokuraɗiyya. Wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa ya zare wa mai zarginsa makami. In ka ga irin wannan, duba ko an ambaci abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa an dunƙule shi ne a jimla guda an wuce.

Karin magana kuma sai a yi hattara da ita, musamman mu Hausawa da muke girmama zancen magabata. Abiola gwani ne a nan. Yana da in'ina, amma in ya jefo karin magana sai taro ya ɗauka, kuma har yau ana tuna shi da cewa ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Wannan baiwa tana cikin abin da ya sa ya shiga zuciyar mutanen da ba yarensu ɗaya ba, har ya ci jihar Kano, mahaifar abokin takararsa Alhaji Bashir Tofa. Ƙarfin karin magana shi ne tana rufe ƙofar gardama, don wa zai ja da abin da kaka da kakanni suka faɗa? To amma kusan kowace tana da kishiya. Dattijon ɗan takara zai ce da tsohuwar zuma ake magani, matashi ya ce zamani riga ne. Mai mulki zai ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ɗan adawa ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne, duk karin maganar da suka tsinta a jawabi su rubuta kishiyarta a gefe. In hujjar mutumin ta tsaya da ƙafarta bayan haka, to hujja ce. In ta faɗi, karin maganar ce kawai take riƙe da ita.

Tambaya ma makami ce. A muhawarar da Ronald Reagan ya yi da shugaba Jimmy Carter a Amurka a ƙarshen Oktoban 1980, mako guda kafin zaɓe, ya rufe da tambayar masu kallo ko rayuwarsu ta fi yadda take shekara huɗu da suka wuce. Bai ce Carter ya gaza ba, ya bar kowa ya faɗa wa kansa, kuma abin da mutum ya faɗa wa kansa ya fi zama masa. A wurinmu abin ya fi fitowa a kira da amshi. Kun gaji? Mun gaji! Kuna son tsaro? Muna so! Kuna son aiki? Muna so! In baki ya saba da amsawa sau uku, ta huɗun da kanta take fita, kuma ta huɗun ita ce wadda aka tara ku dominta. A takarda ka raba tambayoyin, ka amsa kowace ita kaɗai. Za ka ga ukun farko kowane ɗan takara zai iya yin su.

Wurin da na fi daɗewa a kowane jawabi shi ne kan ƙananan kalmomi biyu, mu da su. Ka ɗauki jan biro ka zagaye duk inda suka fito, sannan ka tambayi kanka su waye a ciki. A siyasar Malam Aminu Kano tun zamanin NEPU, mu talakawa ne, su kuma masu danne talaka, ko da yarenku ɗaya, ko da sahu ɗaya kuke sallah. A bakin wani kuma mu tana nufin 'yan jam'iyya. A bakin wani tana farawa da 'yan Nijeriya, kafin a kai tsakiyar jawabi ta koma 'yan yankinmu, kafin a rufe ta zama masu addininmu, ba tare da an sanar da kai an sauya ba. Wannan zamewar ita nake tsoro. Na ga abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku. Waɗanda suka mutu ba su ne suka hau mumbari ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kamfen da zagi da kalaman da za su tunzura ƙabila ko addini, amma doka ba ta iya kama kalmar su in ba a faɗi ko su waye ba. Mai sauraro ne kaɗai zai kama ta.

Akwai dalilin da ya sa harshen ɗan takara yake sauyawa daga gari zuwa gari. Tsarin mulki bai yarda mutum ya zama shugaban ƙasa da yawan ƙuri'a kaɗai ba, sai ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Don haka dole ya yi magana da Kano, ya yi da Inugu, ya yi da Ibadan da Fatakwal. Kada ka tsaya a jawabin da aka yi a garinku. Nemo wanda ya yi a wani yanki ka ajiye su gefe da gefe. Bambancin misalai ba komai ba ne, a nan ya yi zancen noman rani, can ya yi zancen tashar jirgin ruwa. Abin dubawa shi ne ko ya yi wa mutanen can alkawarin da ya saɓa wa wanda ya yi muku. A farkon Yunin 2022 Tinubu ya yi wa wakilan jam'iyyarsa magana da Yarbanci a Abekuta, inda ya ce "emi lo kan", wato yanzu layi ya zo kansa. Magana ce ta cikin gida, amma kafin gari ya waye ta zagaye ƙasa, an fassara ta da kowane yare. Yanzu babu sauran jawabin cikin gida, kuma wannan ya sauƙaƙa wa mai son kwatantawa.

In ɗan takarar ba ya jin Hausa, ka rubuta maganarsa daban, ta tafinta daban. Na taɓa tsayawa a wani taro inda baƙon ya ce da Turanci gwamnatinsa za ta duba batun wata hanya da ta daɗe da lalacewa. Tafinta ya karɓi makirufo ya ce, "Jama'a, ya ce hanyarku an gama, rantsuwa kawai yake jira!" Fili ya kaure da sowa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya kama hannuna ya ce, "Malam, da gaske haka ya faɗa?" Na ce, "Baba, cewa ya yi zai duba." Sai ya saki hannuna ya yi shiru. Har yau ina tuna fuskarsa. Mutanen nan sun koma gida da alkawarin da ba wanda ya yi musu.

Wannan ya kawo mu kan alkawari, kuma a nan Hausa tana da wata kafa da ya kamata ka sani. Muna iya faɗin aiki ba tare da mai aikin ba: za a gyara, za a samar, an sace, an lalata. Wa zai gyara? Wa ya sace? Ka ja layi a ƙarƙashin duk "za a" da "an", ka ware su daga "zan yi". Haka nan za mu duba, za mu yi ƙoƙari, za mu sa ido, duk ba alkawari ba ne, ba ranar da za ka ce an saɓa su. Wanda ya rage, ka yi masa tambayoyi: mene ne takamaimai, guda nawa, zuwa yaushe, da wane kuɗi? Sannan babbar tambaya, shin aikin shugaban ƙasa ne? Soja da 'yan sanda da kwastan da darajar naira da man fetur da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun tarayya, a nan ka riƙe shi da kyau. Amma firamaren unguwarku da ƙaramin asibitin ƙauye da kasuwa da tasha, galibinsu na jiha ne da ƙaramar hukuma. Fili kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta sa shi. Ko abin da yake na tarayya ma, kasafin kuɗi sai ya bi ta gaban sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Mai alkawarin da bai taɓa ambaton majalisa ba, ko dai bai yi lissafi ba, ko yana fatan kai ba za ka yi ba.

Alkawari mai kaifi yana da tsada, shi ya sa ake gudunsa. A 1988 George Bush babba ya ce wa Amurkawa su karanta leɓɓansa, ba sabon haraji. A 1990 ya sa hannu a yarjejeniyar kasafin da ta ƙara haraji, abokan hamayya suka yi ta maimaita masa maganarsa, ya faɗi zaɓen 1992. Saboda haka in ka ga ɗan takara ya faɗi adadi da lokaci da bakinsa, ka ba shi maki, ko ba naka ba ne. Ya ba ka igiyar da za ka ɗaure shi da ita.

Saura abu ɗaya, kuma a nan ni kaina na yi sake. Na daɗe ina farautar zaƙin baki har na manta cewa ɗan takara yakan faɗi magana mai ɗaci, sai dai yakan faɗe ta a inda ba ganga: a zauren taron 'yan kasuwa, a hira da 'yan jarida, a tsakiyar takardar manufofi. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Yana cikin littafina, da rubutun hannuna, wuri uku. Ban ja masa layi ba, ban tsaya na lissafa abin da zai zama a kuɗin mota da kuɗin niƙa da farashin masara ba, alhali na ga abin da ya faru a Janairun 2012 da lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwanmu. Maƙwabta suna cewa ba a gaya mana ba, ni kuwa na buɗe akwati na ga an gaya mana.

Tun daga nan na ƙara shafi ɗaya a ƙarshen kowane jawabi. A samansa nake rubuta: abin da zai ci aljihuna. Duk maganar haraji, tallafi, farashin wuta, darajar naira, sayar da kadarorin gwamnati, ko da a rabin jimla aka faɗe ta, nan nake kwashe ta, da kwanan wata da garin da aka faɗa. In shafin wani ɗan takara ya zauna fari fat, sai in koma neman hirarrakinsa, don ban taɓa ganin gwamnatin da ta yi aiki ba tare da wani ya biya ba. Daren jajibirin zaɓe, bayan an rufe kamfen, nakan tara matata da manyan 'ya'yana a tsakar gida in karanta musu waɗannan shafukan, na kowane ɗan takara, ba tare da na faɗi wanda zan zaɓa ba.